Takalmin da Kawu Ya Aiko

Zuwa ga Kawuna,

Assalamu alaikum. Kawu, ka yi mini afuwa da na yi ƙarfin halin rubuto maka ba tare da ka nema ba. Idan Inna ta miƙo mini waya don mu gaisa, sai in ce "lafiya lau" in gudu. A takarda na fi iya magana. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali, da fatan gwiwar nan da Inna ta ce tana damunka ta yi sauƙi. Mu nan lafiya ƙalau. Inna tana gaishe ka, ko da yake ba ta san abin da na rubuta ba.

Ga abin da ya kawo ni. Malamarmu ta ba kowa a aji aiki: ka zaɓi sana'a ɗaya, ka je ka tambayi masu yin ta, ka dawo ka yi bayani a gaban aji ƙarshen zango. Wasu sun zaɓi ɗinki, wasu tuƙi. Da aka zo kaina, bakina ya ce farauta kafin ya yi shawara da ni. Aji ya kwashe da dariya, don ni ce wadda ke hawa benci in ƙadangare ya shigo. Amma kai ka san dalili. Baba maharbi ne, kai ne abokin tafiyarsa, kuma ya rasu ban yi wayo ba. Ba ni da komai nasa sai hoto ɗaya, shi ma ya rufe ido a ciki. Inna kuwa in na tambaye ta, sai ta tuna akwai wanki.

Mafarautan unguwarmu suna zama da yamma a rumfar Mai Faci, a bakin titi, kan tsofaffin tayoyi da wani benci da aka tokare da bulo. Na yi ta zuwa ina wucewa kamar an aike ni kafin in iya tsayawa. Da na tsaya, na durƙusa na gaishe su, na buɗe littafina. Kawu, ban taɓa ganin mutane masu fara'a da rowar magana irinsu ba!

Na tambaya ko suna jin tsoro a daji. Wani da ake kira Gajere ya ce daji lafiya lau ne, tsoro yana gida, yana tsaye da murfin tukunya a hannu ranar da ka dawo hannu rabbana. Na tambaye shi dabba mafi girma da ya taɓa harbi. Ya ce zomo ne, amma zomon da suka fake a ƙarƙashin kunnensa ɗaya su huɗu da aka soma ruwa. Sai da na gama rubuta "su huɗu" na lura Mai Faci ya kifa kai a kan taya yana dariya. Na tambaya ko ba su jin tausayin dabbobin. Nan dariyar ta ɗauke. Babbansu, wani dattijo da kowa ke ce wa Tsoho, ya sosa kunnen karensa Tsinke, ya dubi sama, ya ce da alama damina za ta faɗi da wuri bana. Amsar ke nan.

Daga ƙarshe na tambaya a ina suke farauta. Kawu, su duka suka ɗaga hannu lokaci guda, kowa ya nuna nasa ɓangaren. Gajere ma sama ya nuna.

Mai shayin da ke gefensu ya ce kada in ji haushi, ko matansu ba su sani ba. Wai an taɓa faɗa wa mutum ɗaya wani wuri, kafin mako ya zagayo an cika shi da babura da masu kunna wuta, har yau ko ɓera ba ya kwana a can.

Da zan tafi na daure na faɗa musu ko ni 'yar wane ce. Tsoho ya ce ya sani, tun daga tafiyata ya gane, wai ina taka ƙasa kamar kada ta farka, irin na mahaifina, shi ya sa suke ce masa Sanɗa. Ban taɓa jin wannan sunan ba! Na yi ta maimaita shi har gida. Ya ce Baba yana da wani wuri nasa da yake zama, ba wanda ke zama a wurin har yau. Na ce a ina? Ya ce can, bayan can.

Kawu, ba makin Malama ne ya dame ni ba yanzu. Wurin nan nake so in gani da idona. Kai ka san shi. Don Allah ka faɗa mini inda yake, da yadda Baba yake a daji, da ko shi yana jin tausayinsu. Zan ba direban da ke zuwa garinku wannan takarda.

Ka gaida mutanen gida duka.

'Yar ƙanwarka,
Auta

Zuwa ga Kawuna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kuma gwiwar ta bar ka ka yi barci. Direba ya kawo amsarka jiya da la'asar.

Zan faɗa maka gaskiya, don Inna ta ce ba a yi wa kawu ƙarya. Da na ga ambulan na shige ɗaki na rufe ƙofa. Na buɗe, na juya takardar gaba da baya, har na leƙa cikin ambulan ko wata ta maƙale. Layi ɗaya ne: "Lamba nawa kike sawa a takalmi?" Na yi kuka, Kawu. Na ce ashe kai ma na rumfar Mai Faci ne, saura ka nuna mini sama.

Inna ta shigo ta tarar da ni, dole na faɗa mata komai. Na zaci faɗa za ta yi. Ta karanta layin nan naka, ta zauna a bakin gado, sai ta fashe da dariya har da hawaye, ta ce Yaya bai canza ba. Ta ba ni labari, karo na farko ba tare da wanki ya taso ba. Wai tana amarya ta tambayi Baba ina yake zuwa, ya ce inda zomaye ke da gona, yana taya su shuka. Ta ce shekara da shekaru tana wanke masa kayan daji, tana cire ƙaya daga wandonsa, amma har ya koma ga Allah ba ta san ko gabas yake yi ko yamma ba. Na tambaye ta me takalmi ya haɗa da tambayata. Ta ce in ba ka amsa kawai, in daina yi wa maharbi gardama.

To, talatin da takwas nake sawa. Don kada a samu kuskure na taka takarda na zana ƙafata, tana cikin ambulan. Ka yi haƙuri da babban yatsan, fensirin ne ya zame.

Har yanzu ina zuwa rumfar, amma na daina ɗaukar littafi, don Gajere ya sa mini suna 'Yar Jarida, da ya hango ni sai ya ce a ɓoye zomaye ga hukuma ta zo. Yanzu zama kawai nake yi. Ina riƙe wa Tsoho igiyar Tsinke in zai yi alwala, har na iya cire masa kaska ba tare da na rufe ido ba. Abin mamaki, in ban tambaya ba sun fi magana. Shekaranjiya na ji suna gardama a kan iska har aka kira magariba, ban ce uffan ba, amma na kwashe duka.

Allah ya ƙara maka lafiya. Inna ta ce in ce maka ka ji tsoron Allah.

'Yarka,
Auta

Zuwa ga Kawuna abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan kowa lafiya. Kawu, na je! Na gani! Ka yi haƙuri in rubutun ya karkace, hannuna ya fi ni sauri.

Takalmin ya iso, na roba mai tsawo har ƙwauri, ya zauna cif kamar a ƙafata aka ƙera shi. Inna ta ce in sa shi in je rumfa, kada in ce komai. Na je ina jin kunya, yana ƙara a kan kwalta. Ba wanda ya dubi fuskata, duk ƙafata suka kalla. Gajere ya buɗe baki zai yi tsokana, ya rufe. Tsoho ya tambaya wa ya aiko, na ce kai ne. Ya gyaɗa kai. Da yamma sai ga shi a ƙofar gidanmu da kansa, ya yi sallama da Inna, ya ce ranar Asabar yana neman mai riƙe masa gorar ruwa, in ta bar ni in bi su, zai dawo da ni kafin la'asar. Inna ta ce tunda Yaya ya aiko da takalmi, magana ta ƙare.

Sai na yi wauta. Don girman ranar, da asuba na yi wanka da sabulun Inna mai ƙamshi, na shafa mai, har na ɗiga turare a hijabina. Ina isa Tsinke ya yi atishawa. Gajere ya toshe hanci ya ce yau duk gadar da ke dajin za ta san an kawo amarya, su juya kawai. Ashe dabba da hanci take gani! Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, na tabbata za a mayar da ni gida. Tsoho bai yi dariya ba. Ya kunna busasshiyar ciyawa ya sa na tsaya cikin hayaƙin har idona ya yi ja, ya murje wani ganye mai ɗaci ya ce in goga a hannu da tufafi. Ya ce mahaifina ma ranar farko da man gashi ya zo, kuma kai ne ka tura shi cikin taɓo. Da gaske ne, Kawu?

Mun yi tafiya mai nisa ba mai magana. Mutanen nan da ba sa rufe baki a rumfa, a daji ko tari ba sa yi. Tsoho kan tsaya ya ɗebi ƙasa da yatsu ya saki, ya ga inda iska ta kai ta, sai mu bi ta yadda iskar za ta riƙa bugun fuskarmu. Ya nuna mini sawu, da kashin zomo sabo da tsoho, da ciyawar da aka kwanta a kai, duk da yatsa.

Can sai Tsinke ya ƙame. Gada ce, Kawu, a bakin wani ɗan rafi, kusa har ina ganin kunnenta yana motsi. Tsoho ya ɗaga bindiga a hankali. Sai ga ɗanta, ɗan mitsitsi, ya fito daga ciyawa yana tangaɗi ya shige ƙarƙashinta. Tsoho ya sauke bindigar. Muka tsaya har suka sha ruwa suka tafi. Ya waiwayo ya dube ni sau ɗaya, na tuna tambayar tausayi da na yi masa a rumfa, ranar da ya ce damina za ta faɗi da wuri. Gajere ya yi raɗa cewa yau murfin tukunya zai yi aiki a gidansa. Daga baya sun samu fakara biyu, don haka ya tsira.

Daga nan Tsoho ya kai ni. Ka san wurin, ba sai na kwatanta maka ba: dutsen nan mai faɗi, da itacen da ya sunkuya a kansa, da gurbin da bakin bindiga ya ci a jikin reshe saboda yawan jinginawa. Sauran suka tsaya nesa. Ya ce in zauna. Na zauna, iska tana bugun fuskata, ina ganin rafin duka har inda ya karya kwana. Na sa yatsana a gurbin, ya yi santsi. Tsoho ya ce shekarar da aka haife ni, a nan Baba ya faɗa muku, kai da shi, cewa mace ce ko ba mace ba, ranar da ƙafarta ta cika takalmin daji zai kawo ta. Kawu, ashe amsa ka ba ni tun a layin nan ɗaya, ni kuwa ina ta kuka a ɗaki. Na gode. Allah ya saka maka da alheri, ya ji ƙan Baba.

Jiya na yi bayanina a aji. Ni da ba a jin muryata daga benci na biyu, har na baya sun yi tsit. Na faɗi na iska, da na sabulu, da na gada. Da na gama Malama ta yaba, sannan ta miƙo mini alli, ta ce saura abu ɗaya, in zana a allo inda wurin yake, don bayani ba ya cika sai da wuri, kuma maki biyar ne. Yaran baya har sun fara cewa za su ari babur ranar Asabar. Na dubi allin, na tuna ɗan gadar nan mai tangaɗi. Na ce, "Malama, can ne, bayan can." Ta sake tambaya. Na ɗaga hannu na nuna, sai da aji ya fashe da dariya na lura sama nake nunawa.

Ta cire makin biyar ɗin. Ban taɓa rasa maki na dawo gida da gudu don murna ba sai jiya. Da na ba da labari a rumfa, Gajere ya tashi daga kan tayarsa ya ce in zauna, wai daga yau babu 'Yar Jarida. Inna ma ta tambaye ni a ɓoye, gabas ne ko yamma, na ce mata inda zomaye ke da gona. Ta jefe ni da tsumma.

Ka duba, ko a takardar nan ban rubuta hanya ba, saboda direba. Kawu, ina da sauran tambayoyi da yawa, amma na koyi riƙe su. In ka ba ni izini, ina so in riƙa rubuto maka, ko da layi ɗaya za ka riƙa amsawa. Ka yarda?

Ka gaida kowa da kowa.

'Yarka,
Auta, wadda a rumfa yanzu ake kira 'Yar Sanɗa