Igiya a Gonar Inabi

Longsight, Manchester
Farkon Satumba

Zuwa ga Celestina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Baban Chloe da yara. Na yi gaisuwar ne don iyayena sun koya mini, ba don kin cancanta ba.

Ban kira ki ba saboda na san halinki. In na ɗaga murya sai ki fashe da dariya, in kika yi dariya sai in manta inda na tsaya. Don haka ki zauna, wayarki ta karanta miki wannan da muryar nan tata ta Baturiya mai mura, ta kakkarya Hausata son ranta.

Jiya ina tsakar jera littattafai a library saƙo ya shigo daga masu shirya marathon ɗin nan, tseren gudu na gonakin inabi. Wai suna gode mini, suna kuma sanar da ni an sauya guide ɗin Mrs Celestina Choji, wato mai yi mata jagora a gudu, an sa wata Bethany. Ko korar ma'aikaci za a yi a ƙasar nan ai sai an kira shi ofis an ba shi shayi.

Tun shekarar da hawan jinin ido ya rufe miki gani, kika ajiye aikin nas, kika ce ba za ki ruɓe a kan kujera ba, wa yake riƙe ɗaya bakin igiyar in kina gudu? Duk Asabar ina cikin jirgin ƙasa na farko zuwa Birmingham. Na san kowane rami a Handsworth Park, na san karen da yake tsinke wa mai shi. Ni da nake ɓuya a bayan ɗakin karatu duk ranar wasanni a makarantarmu ta Jos, na koyi gudu da shekara hamsin a kaina, da gwiwa mai ƙara kamar ƙofar gidan haya. Sai yanzu da tseren ya matso a ce Bethany?

Na yi bincikena. Yayana Ubaidullah ya tare mijinki a Stratford Road, ya ce masa bai dace ƙanwarsa ta je inda ake ajiye wa masu gudu giya a kan kowane tebur ba. Baban Chloe ya kawo miki maganar, ke kuma kika yi mini kara, kika cire ni a ɓoye don kada in ji nauyin cewa na fasa. Maza biyu masu tumbi sun yanke hukunci a bakin shagon nama, ke kika buga hatimi.

Yaya kam na san yadda zan yi da shi. Ke ce kika ba ni mamaki. Ke da kike hasala in likita ya tambayi mijinki "yaya jikin nata" alhali kina zaune a gabansa. Abin da kika yi mini ke nan. Na fi Yaya karanta abin da addinina ya ce a kan giya, kuma tun ranar da muka yi rajista na san inda za mu. Ba wanda ya tambaye ni.

Ki mayar da sunana.

Taki, duk da haka,
Jamilatu

Handsworth, Birmingham

Hajiya Jamila ta library,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Muna lafiya. Baban Chloe yana gaishe ki daga nesa, ya ce ba zai matso ba sai kin huce. Da kaina nake buga wannan, harafi harafi, waya tana faɗa mini abin da na taɓa, don haka ki yi haƙuri da ni.

Gaskiya ne yayanki ya yi magana. Amma da shi kaɗai ne, da tuni na kira ki mun yi masa dariya. Fakewa na yi da shi. Tunda kin tono, ga sauran.

Jamila, kina ja na.

An yi igiyar nan ne don in san inda kike. Ke kin mayar da ita linzami. In za mu wuce wani, sai in ji an fizge ni dama babu bayani. In na ce me ya faru, ki ce ba komai, ci gaba. Kwanaki a bakin madatsar ruwa ta Edgbaston na ji ana kiɗa, na ce mu tsaya, kika ce lokaci yana tafiya. Ni ba lokaci na fito nema ba, kofi ba za su ba ni ba. Bethany 'yar club ɗinmu ce, ba ta da saurinki, kuma surutunta ya fi na rediyo. Amma in agwagwa ta tsallaka hanya tana faɗa mini launinta.

Abu na biyu ya fi wuyar faɗa. Ina so in ɗanɗana giyar. Ba maye zan yi ba, 'yar dattijon ikilisiya ce ni, kin san gidanmu. Na zaɓi wannan tseren ne don shi kaɗai na ji an ce hanci da harshe suna da rabo a cikinsa. Sauran duk na masu ido ne. Na kuma san abin da zai faru: za ki kai ni teburin ruwa, ki sa mini kofi a hannu, ba za ki ce akwai wani tebur a gefe ba, ni kuma har abada ba zan sani ba. Ba zan iya roƙonki ki miƙa mini abin da addininki ya hana ba. Ba zan kuma iya yin mil ashirin da shida ina zargin aminiyata ba.

Shi ya sa Bethany. Na yi kuskure da ban faɗa miki ba, a kan wannan ki yafe. Sauran kuwa ban janye ko ɗaya ba.

Allah ya ba ki sanyin zuciya.

Taki tun ajin farko,
Celestina

Longsight, Manchester

Maman Chloe,

Ina gaisuwa, a gaida mai gida, ki ce masa ya matso, ba na cizo.

Amsar farko da na rubuta miki ba ta dace da mace mai sallah ba, na goge ta. Daga nan na ce bari in nuna miki ƙarya kike yi. Lokacin hutun rana na ɗauki Amal, abokiyar aikina, muka je park. Na ɗaure idona da mayafi, na ba ta bakin igiya, na ce ta yi yadda nake yi. Ba mu kai bakin tafki ba ta fizge ni gefe. Na ce mene ne, ta ce ba komai. Celestina, saura kaɗan in mare ta.

To, na ji. Ba zan maimaita ba, don haka ki adana wannan layin.

Ga sharaɗina. Ba zan taɓa kofin giya ba, ba zan miƙa ba, ba zan riƙe miki ba ko da kina ɗaure takalmi ne. Amma duk abin da idona ya gani a hanya bakina zai faɗa, har da teburan. Zan ce ruwa a hagu, giya a dama. Hannunki lafiya lau yake. Ɓoye wa wadda ba ta gani abin da ke gabanta ha'inci ne, kuma ban ga littafin da ya halatta mini shi ba. In da saura a kan wannan, tsakanina da Allah ne.

Na je Sparkbrook ranar Lahadi. Na ci tuwon matar Yaya, na gaya masa in yana son taimakona ya yi wa gwiwata addu'a.

In bayan wannan har yanzu Bethany kike so, ki faɗa da bakinki. Zan zo in tsaya a bakin layi in yi muku tafi, ina hararar ta.

Na bar ki lafiya.
Jamilatu

Longsight, Manchester
Ƙarshen Satumba

Aminiyata,

Gaisuwa daga kan kujera, inda nake tun da muka dawo, ƙafafuna cikin bokiti. Da fatan naki jikin ya fi nawa. Na gode da kika mayar da sunana, ko da yake sai da kika bar ni na jira kamar mai neman aiki.

Na yi alkawarin faɗa miki komai, kuma na cika a yawancin hanya. Na faɗa miki yadda kunyoyin inabi suka kwanta a kan tudun kamar sabon kitso. Na faɗa miki mutumin da ya shiga cikin rigar kwalba, da wanda ya manna wa jikinsa balan-balan wai shi curin inabi ne, yana gudu suna fashewa ɗaya bayan ɗaya. Amma akwai abin da ban samu numfashin faɗa ba, ga shi.

A tebur na farko, da na ce ruwa a hagu, giya a dama, kika miƙa hannu kina lalube, matar da ke wurin ta ɗauki kofi ta nufo ni da shi, wai in ba ƙawata. Kin ji abin da na ce mata: tambaye ta, tana da baki. Abin da ba ki gani ba shi ne fuskarta, ta yi ja kamar abin da ke cikin kofin. Ba ki kuma ga taki fuskar ba bayan kin kurɓa. Na riƙe dariyata ne kawai don girman gidanku.

Sai tudun ƙarshe, inda jijiyar ƙafata ta ɗaure na yi shiru. Ga abin da ya wuce mu a lokacin. Akwai wani tsoho mai farin gashi da ya cire takalmansa ya rataya a wuya, yana tafe ba takalmi, yana gaishe da kowa kamar mai zagaya gonarsa. Mai rigar kwalba yana zaune a gindin shinge, ya cire murfin kansa, yana kuka. Wasu mata uku sun saƙalo hannun juna suna ɗingishi tare. Ma'aikatan gonar sun bar tsinkar inabi sun jeru a bakin hanya da almakashinsu, kuma ba ni suke kallo ba. Suna kallon mace mai baƙin tabarau tana jan wata mai hijabi zuwa saman tudu, ta bayan tana cewa hagu, dama, dutse, da ɗan abin da ya rage mata na rai.

Dokar tsere ta ce guide ba ya riga mai gudunsa tsallaka layi. Ban taɓa bin doka cikin sauƙi irin wannan ba. Baban Chloe kuwa, duk abin da ya gaya miki game da iska da ta shiga idonsa, ƙarya ne.

Yaya ya aiko da saƙo, ya ce alhamdu lillahi, yana tambayar gwiwa. Ban amsa ba tukuna. Bari ya ɗanɗana jira.

Tambaya ɗaya, kuma ki ba ni amsa ba kara: na ja ki?

Taki,
Jamilatu

Handsworth, Birmingham

Hajiya Jamila,

Gaisuwa da godiya. Na sa waya ta maimaita mini labarin tsohon nan mara takalmi har Baban Chloe ya gaji ya bar ɗakin.

Sau ɗaya kika ja ni, lokacin da mai balan-balan ya faɗi a gabanmu. Na yafe.

Giyar kamar ruwan tsamiyar da aka manta a kwano take. Kada ki gaya wa kowa.

Bethany ta tambaye ni maganar baɗi. Na ce mata ta yi haƙuri, ina da wata mata a Manchester wadda ba ta iya hawa tudu sai an ja ta, ba zan iya barin ta ba.

Igiyar tana cikin jakarki. Ranar Asabar ki taho da ita.

Allah ya huta gajiya.
Celestina