An Yi wa Kajinmu Rigakafi, Amma Tari Na Ci Gaba da Kashe Su

Zuwa ga Mai Girma Likitan Dabbobi da ke kula da rigakafin kaji a yankinmu,
Birnin Kebbi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aiki, ina neman afuwa da na zaɓi in yi maka magana ta jarida. Sau uku na zo ofishinka ban samu ganinka ba, kuma abin da ke tafe da ni ba ya jira.

Sunana Hauwa'u Dikko, tsohuwar malamar firamare a Argungu. Da na ajiye alli sai na koma kiwon kaji masu ƙwai a bayan gidana. Lokacin da malamin dabbobi na garinmu, Malam Bala, ya zo da maganar rigakafi, matan unguwarmu sun ƙi. Ni na bi su gida-gida, na ce su amince, na fara da nawa kajin a gabansu. Da yake yawancinsu ni na karantar da 'ya'yansu, suka yarda. Shekara biyu muna ɗiga wa kaji magani a ido, kuma mun ga amfaninsa. Wannan gaskiya ce, ba zan ɓoye ta ba.

Bana, bayan girbin shinkafa, muka yi rigakafi kamar kullum. Ba a yi wata biyu ba kajina suka fara tari da atishawa, suna buɗe baki suna numfashi da ƙara. Ƙanana suka riƙa mutuwa. Manyan da suka tsira kuma suka koma yin ƙwai mai laushin ɓawo, wani a yamutse, in ka fasa shi ruwa-ruwa ne. Ban taɓa ganin irin wannan ba. Daga gidana ciwon ya zaga unguwa, har muka ji labarinsa a garin Augie da ke kusa da mu.

Maƙwabciyata Inna Kulu, wadda da ƙwan kajinta goma sha biyu take ciyar da marayun jikokinta, ta shigo gidana da mushen kaza a hannu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ajiye a gabana ta ce, "Malama, ke kinka ce muna in anka ɗiga maganin nan ba su mutuwa."

Ga abubuwan da nake so ka sani.

Na farko, Malam Bala bai yi mana rufa-rufa ba. Ya ce yana zaton ƙwayar cutar ce ta sauya kama, domin irin wannan ciwon na numfashi haka yake, in ya daɗe yana yawo cikin kaji sai ya fito da sabon launi wanda tsohon magani bai san shi ba. Ya ce ba mai tabbatar da haka sai ɗakin gwaje-gwaje, kuma ofishinku ne kaɗai ke da ikon aika samfuri can.

Na biyu, na yi abin da ya ce. Na sa kaji biyu da suka mutu da safe cikin kula, na cika ta da ƙanƙara, na hau motar haya zuwa Birnin Kebbi, daga tasha na hau kabu-kabu. Aka ce kana taro. Na zauna a benci har la'asar, ƙanƙarar ta narke, na zubar da kajin a bola. Na dawo mako na gaba da wasu, aka ce ka yi tafiya. A zuwa na uku wani ma'aikaci ya karɓi kular, ya ce in dawo bayan sati biyu. Yau wata guda ke nan da kwana tara, ko takardar shaidar an karɓa ban samu ba.

Na uku, a wannan zaman da na yi a benci na ga firjin da ake ajiye maganin rigakafi. Babu wuta tun hantsi, kuma injin da ke waje ba a tayar da shi ba har na tafi. Na tambaya, aka ce mini jiha sabuwa ce, kayan aiki ba su gama zuwa ba tun da aka raba mu da Sakkwato. Na san haka ne, ba kuma na ɗora maka laifin abin da ba ka da iko a kai. Amma in maganin da zafi ya kashe ake kawo mana, muna da haƙƙin a gaya mana.

Abin da ya fi damuna ba kajina ba ne. Matan da na sha wahala kafin su yarda sun koma jiƙa wa kaji ɓawon maɗaci da barkono. Sun ce ba za su sake bari a taɓa musu kaza ba. In aka bar su a haka, ko gobe kuka kawo magani mai kyau ba za ku samu ƙofa a buɗe ba, kuma cututtukan da rigakafi ya riga ya kora za su dawo.

Don haka ina roƙon a aika samfurin kajinmu gwaji, a kuma faɗa mana sakamako ko da ba mai daɗi ba ne. In cutar ce ta sauya, a nemo maganin da ya dace da ita. In ajiya ce ta lalata maganin da ake kawo mana, a gyara. Sannan ina roƙon ka zo Argungu da kanka ka yi wa matan nan bayani, domin bakina ya daina tasiri a wurinsu.

Ni dai ban fasa rigakafi ba. Na wanke akurki, na raba masu lafiya da marasa lafiya, na hana shigo da sababbin kaji daga kasuwa. Kuma daga wannan makon, kowace Litinin zan riƙa zuwa da sabon samfuri da sunayen gidajen da ciwon ya shiga, har sai an ba mu amsa a rubuce.

Allah Ya ƙara maka lafiya da basira, Ya ba ka ikon sauke amanar da ke wuyanka, Ya kuma sa albarka a sabuwar jiharmu.

Wassalam.

Malama Hauwa'u Dikko,
Argungu.