Katin Albashina a Goshin Makaɗi

Zuwa ga Mai Girma Alhaji Babban Manaja, giwar gidan gonar da ke kan hanyar Malumfashi zuwa Funtua, gamji mafakar ma'aikata, hadari mai zubo albashi, ma'abocin jan biro da kujera mai juyawa, wanda in ya yi gyaran murya a ofis leburori ke gyara tsayuwa a bakin sito. Ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, irin wadda ta cancanci ƙaramin bara ya miƙa wa ubangidansa, ina tambayar lafiyarka da ta Hajiya da ta yara, da gajiyar ɗawainiyar talakawa irinmu. Mai wannan takarda shi ne Habila ɗan Markus, mutumin Gozaki, akawun sikeli a rumfar awon auduga. Na so in gan ka a asirce. Masinja ya ce kana Kaduna, na koma ya ce kana salla, na sake komawa ya ce kana hutun gajiyar Kaduna. Shi ya sa na kafa kwafi ɗaya a ƙofar kanti, na aika da ɗaya gidan jarida, tunda ranar wanka ba a ɓoye cibi.

Ga cibin nan, Alhaji. A yanzu haka katin albashina, da sunana da hotona a jiki, yana ɗaure a kalangun Tanko makaɗin Tsiga. Yana yawon kasuwanni da shi yana yi mini zambo, neman auren da nake yi kuma yana gab da rushewa a dalilin haka. Ka yi mini uzuri in jero yadda aka kai nan.

Kafin canjin kuɗi, ranar albashi rana ce mai alfarma. Kashiya ya kafa teburinsa a gindin mangwaro, a kira sunan mutum a miƙa masa ambulan, ya koma gefe ya juya baya ya lashi yatsa. Mai waina da mai tsire da mai fura suna bakin ƙofa, kowa ya san rabonsa ya fito. Bayan canji sai aka ce tsaba ta yi wuya a banki, kuma ɗauko ta a mota kasada ce. Aka tara mu, ka yi mana jawabi mai ratsa jiki cewa a ƙasashen da suka ci gaba mutum ba ya taɓa kuɗi da hannunsa. Muka yi tafi. Ni na fi kowa yi, Allah ya yafe wa tafukan hannuna. Aka raba mana koren kwali mai gidaje-gidaje. Rabin albashi yana cikinsa, a je kantin kamfani a ɗauki kaya a huda gida. Ɗaya rabin an ce yana banki a Funtua, inda mutum zai bi layi tun da hantsi, in ya iso gaban taga a ce ya dawo wani makon.

Na farko. Wannan kati babu wanda ya san shi a faɗin duniya sai Malam Sale mai kantin kamfani, kantin kuwa ba a tsara shi don gidan Bahaushe ba. Akwai kifin gwangwani, da madarar gwangwani, da sabulu, da bokitin roba, da man takalmi. Babu daddawa, babu kuka, babu man gyaɗa, babu barkono. Wata na farko mahaifiyata ta miƙo hannu ta karɓi kuɗin cefane kamar yadda ta saba, na ɗora mata gwangwani uku. Ta juya su sama da ƙasa, ta ce, "Habila, da wanne zan kaɗa miya, wannan mai hoton kifin ko mai hoton saniyar?" Tun daga nan ma'aikatanka, magidanta masu gemu, suke ɗaukar sabulu a kati su kai kasuwar Bakori su karyar don su ga tsaba. Wanda ke saye a hannunsu kuwa surukin Malam Sale ne, kuma na rantse na taɓa ganin sandar sabulu mai gutsure a gefe, wadda na sayar ranar kasuwa, ta riga ni dawowa kan kanta. Sabulun nan ya fi direban kamfani sanin hanyar Bakori. Wannan abu, ranka ya daɗe, ƙazanta ce, ko da sabulu ake yin ta.

Na biyu. Kati ya kashe ciniki, ciniki kuwa rabin zumunci ne. Da kuɗi a hannu mutum zai taya, a ce albarka, ya yi kamar zai tafi, a kira shi, a tambayi lafiyar gida, a sallama, a ɗora masa gyara. A kanti babu tayi babu albarka, gyara kuwa ko labarinta. Malam Sale zai karɓi kwalin ba tare da ya dubi fuskarka ba, ya danna ɗan ƙarfensa ƙyat, wani ɗan guntu ya faɗi ƙasa kaji su tsattsage. Gumin wuni guda ke nan a cikin kaza.

Na uku, wanda ya shafi lahira. Ranar Lahadi idan farantin baiko, wato na tara sadaka, ya doso layinmu a majami'a, sai in runtse ido in shiga addu'a mai zurfi har ya wuce. Na ɗauka asirina a rufe yake, sai wani dattijon ikilisiya ya tare ni a bakin ƙofa ya ce, "Ɗan Markus, kwanan nan ruhaniyarka ta ƙaru, amma na lura lokaci ɗaya take sauko maka." Malam Idi maigadi ma ya ce shi ranar Juma'a ta bayan masallaci yake zagayawa, don kada idonsa ya haɗu da na masu jiran sadaka. Da aka yi wa ƙaninsa haihuwa, man takalmi ya kai barka. Ka ga ke nan katin bai bar Musulmi ba bai bar Kirista ba, a nan kam ya yi adalci.

Na huɗu, kuma a nan ƙaya ta soke ni. Da yake kai haifaffen birni ne, bari in yi maka bayani. A ƙasarmu idan aka kai amfanin gona gida akan yi kalankuwa, samari da 'yan mata na ƙauyuka su hallara a fili da la'asar, a kafa kiɗa. Kowane saurayi yana da takensa. In makaɗi ya kaɗa naka, dole ka fito tsakiyar fage ka yi kirari, ka liƙa masa kuɗi a goshi. Wanda aka kaɗa wa take ya noƙe, gara a ce ya yi sata.

Kalankuwar bana na je da farar riga da agogo, domin Rifkatu, yarinyar da nake nema, tana cikin masu rawa. Abokin takarata Luka mai injin niƙa yana wurin, mutumin da bai iya rubuta sunansa a miƙe ba, amma kullum yamma aljihunsa na ƙara kamar akayau, tunda mata da tsaba suke biyan niƙa. Aka kaɗa takensa, ya fito yana liƙa sabbin takardun naira har suna zubowa ana tsincewa. Yana komawa sai Tanko ya juyo ya dube ni, ya saki takena da na gada daga kakana. Ƙafafuna suka fita da ni fage kafin hankalina ya ba su izini. Na yi kirari, ya fita da kyau, mata suka yi guɗa. Na zura hannu a aljihu, babu abin da na taɓo sai kwalinka.

Alhaji, a wannan lokaci jawabinka ne ya faɗo mini. Na zaro katin na ɗaga sama, na shaida wa jama'a cewa wannan shi ne kuɗin zamani, cewa abin da ke cikinsa ya fi duk abin da Luka ya zubar, na manna shi a goshin Tanko. Gumi ya riƙe shi tsam, har ya fi naira zama. Sanƙiran Tanko ya matso ya leƙa, ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, ɗan Markus ya ba da kansa da kansa, ga hotonsa." Aka yi ta tafi, ni kuma na fita daga fage ina jin kamar na ci yaƙi.

Ranar Litinin Tanko ya hau keke ya zo kanti da buhu biyu. Malam Sale, wanda bai taɓa duban fuskar kowa ba, ran nan ya duba. Ya ce hoto da mai riƙe da shi ba su yi kama ba, ko allura ba zai bayar ba. Tanko ya koma Tsiga da buhunansa wayam, ya zauna ya yi mini waƙa. Ba zan rubuta ta duka ba saboda darajar idonka, amma amshinta yana cewa, "Mai kuɗin kwali ya zo, ku ɓoye goshinku." Ya huda katin a kusurwa ya ɗaure a tsarkiyar kalangu, in ya kai wurin amshi sai ya juya hoton ya fuskanci jama'a. An yi a Bakori, an yi a Kafur. Yanzu matan unguwarmu da ita suke daka, kuma taɓarya tana sauka daidai kan sunana.

Za ka ce me ya hana in je in karɓo kayana. Abin da aka liƙa ba ya komawa aljihu, wannan ita ce doka tun kaka da kakanni. Akwai wani gida a ƙauyenmu da kakansu ya taɓa liƙa wa makaɗi kuɗi sannan ya nemi a mayar masa da rabi. Mutumin ya daɗe da rasuwa, amma har gobe in baƙo ya tambayi gidan sai a ce, "Wai gidan A-ba-ni-canji?" Jikokinsa sai sun tsallaka Malumfashi suke samun mata. Ba zan bar wa zuriyar Markus irin wannan gado ba.

Na je wurin kashiya in nemi sabon kati. Ya ce ƙa'ida ita ce ba a sake kati sai wanda ya ɓace, nawa kuwa duk gunduma ta san inda yake. Na ce to a ba ni tsaba in je in yi wa Tanko liƙi na gaskiya ko ya huce. Ya ce in kawo kati a huda tukuna. A nan na gane cewa wanda ya tsara wannan tsari bai taɓa jin yunwa ba, kuma ba a taɓa kaɗa masa take ba.

Ranar Asabar mai zuwa akwai biki a Tsiga. Rifkatu ce babbar ƙawar amarya, Tanko ne zai yi kiɗa, kuma wan mahaifinta Baba Ishaya, wanda maganar aurenta ke hannunsa, zai zauna a sahun gaba. Ta aiko yayarta ta gaya mini cewa waƙa dai waƙa ce, in babu hoto za ta ce wani ɗan Markus ɗin ake nufi, tunda Markus ba ɗaya ba ne a ƙasar Kafur. Amma in aka juya wa baffanta fuskata a jikin kalangu, to in manta hanyar gidansu.

Saboda haka ga roƙona. Ba na neman a soke kati, wannan sai manya, kuma magidantan da ke karyar da sabulu suna da bakin faɗa in sun ga dama. Ba na neman ƙarin albashi, tunda gwangwanin da ke ƙarƙashin gadona ya ishe ni har damina. Abin da nake so ka tuna shi ne, a bayan katin an buga da Turanci cewa mallakar kamfani ne, kuma dole a mayar da shi duk lokacin da aka nema. Ashe ma ba kayana na liƙa ba, kayanka ne. Ni ba ni da ikon karɓa, amma kai al'adar kalankuwa ba ta hau kanka ba.

Ina roƙon alfarma, kafin ranar Juma'a, a tura Malam Garba direba da akori-kura mai tambarin kamfani, Malam Idi ya sa kakinsa da hularsa ya raka shi, su je Tsiga su karɓo kayan kamfani. Su tarar da Tanko a teburin mai shayi, lokacin da jama'a ta taru. Su ɗaure fuska. Abu mafi muhimmanci kuma, Malam Garba ya faɗa da ƙarfi yadda na bakin kasuwa zai ji, cewa Habila bai san da zuwansu ba, hasali ma Habila ya durƙusa a ofis yana roƙo a bar wa makaɗi kyautarsa, Manaja ne ya ƙi. Idan ana bukatar in zo in durƙusa ɗin don kada Malam Garba ya yi ƙarya, a shirye nake, a dai shimfiɗa mini buhu saboda wandona.

Allah ya ƙara maka girma da lafiya, ya raya zuriya, ya kare motarka daga ramukan hanya, ya sa auduga ta yi nauyi a sikeli. Allah kuma ya sa duk ranar da aka kira sunanka a bainar jama'a, a same ka da tsaba a aljihu.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Habila ɗan Markus,
Akawun sikeli, Gozaki.