Teburin Baba Mai Ƙafar Zalɓe

Dumyaɗ

Yaya Bayumi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da shago. An sa ranar auren ɗiyata Nirmin, za a kai kayan ɗakinta bayan Sallah. Ta kafe sai an haɗa mata da tsohon teburin rubutun Baba. Ka san garin nan, a buɗaɗɗiyar mota ake zagawa da kayan amarya, matan unguwa suna leƙe ta taga. Komai namu da ruwan zinare, sai wannan abu fayau mai ƙafar zalɓe. Ba zan ji kunya a gaban surukai ba. Mijina Usta Ramzi, babban kafinta, zai goge shi da inji, ya manna masa furanni, ya zuba masa zinare. Na ce in sanar da kai tunda kai ne babba.

Ƙanwarka, Atiyat

Iskandariya

Atiyat ƙanwata sarkin rigima,

Wa alaikumussalam da babbar murya. Lafiya lau nake, kyau sai ƙaruwa yake, har Girkawan kasuwa na tambaya ko ni ɗan fim ne.

Ke! Wasiƙarki saida ta sa na ƙware da shayi. Zinare? A teburin Baba? Kice ma Ramzi in ya taɓa shi da inji nima zanzo da inji in goge masa gashin baki. Kinsan waye ni a Attarin, kasuwar kayan tarihi? Ido a rufe nake shinshina tebur in faɗi shekararsa. Wannan katako mai tsada ne da ake kira tik, tun zamanin da Baba yake akawu a kamfanin auduga. Fatarsa ta sama siririya ce kamar ɓawon albasa, inji na hawa ta tafi, ko Fir'auna ya dawo bazai maida ta ba. Siraran ƙafafun da kike zagi sune kyansa. Ke da kika gado ƙafar Goggo Fikriya ai dole kiji haushi.

Ki ɗauke shi daga bakin taga, rana na cinye masa launi. Kada a sa masa ruwa. Ina tafe.

Yayanki wanda babu irinsa, Bayumi

Dumyaɗ

Yaya,

Gaisuwa. Ƙafata ba ruwanka da ita. Ramzi ya ce shi da ubansa da kakansa duk kafintoci ne, ba mai sayar da tsummokaran Turawa da zai koya masa aiki. Ya ce ranar Asabar zai fara. Kuma akwai wani baƙin zobe a saman teburin, dole a kankare shi. In kana da magana ka zo ka yi da bakinka.

Atiyat

Iskandariya

Rushdi ƙanena na Kuwait,

Salamu alaikum, ya zafi, ya Larabawan mai? Ka rasa biki, amma zauna yayanka gwarzo ya baka labari.

Na dira Dumyaɗ na tarar Ramzi ya jona inji a wuta. Nace Usta, Allah ya ja zamaninka, hannun da ke sassaƙa zaki a jikin gado shi zai ɓata lokaci kan wannan? Bar min ƙaramin aiki. Ya kumbura kamar zakara yace ɗauka. Na wanke shi da kumfar sabulu a tsumma, na bashi mai ya sha, na bi da kakin zuma, na shafa kyandir a durowa har tana zamewa kamar kifi. Baƙin zoben kuwa ban taɓa ba. Shatin kofin shayin Baba ne, nan yake ajiyewa kullum in yana rubutu.

Atiyat tace to a cusa shi bayan katifa. Ni? Na ɗauko mota guda shi kaɗai, a gaba, na shimfiɗa masa jan karammiski, na sa ƙarti biyu da farar safar hannu suna riƙe dashi, ni kuma ina tsaye ina ihu kada wanda ya taɓa!

Rushdi, garin da kowace kujera tasha zinare har ta ƙoshi, wa zai kalli zinare? Motocin baya ko kare bai leƙa ba. Mata suka sauko daga bene, meye wannan, daga ina? Uwar ango, wata mai awarwaro har gwiwar hannu, ta matso tace Hajji daga waje aka kawo? Nace Hajiya daga wajen ubanmu. Ta rangaɗa guɗa saida jakin mai kankana ya firgita. Nirmin ta rungume ni tace Kawu kai kaɗai ne ka gane. Nace ai kullum haka ne.

Ramzi ko kallona baya yi. Ka gaida kanka.

Bayumi mai nasara

Dumyaɗ

Yaya Bayumi,

Salam. Ramzi ya ce ka aiko masa da awon ƙafafun teburin, kunya ta hana shi zuwa ya auna, mata sun dame shi kowacce irinsa take so. Ya ce kada ka ji daga bakinsa.

Jiya na je gidan Nirmin. Na ɗora kofina a kan zoben, ya zauna daidai. Na daɗe ban tashi ba.

Kada kanka ya ƙara girma, ƙofar shagonka ƙarama ce.

Ƙanwarka, Atiyat