Jarrabawar Japananci Ta Faɗo Cikin Takaba

Zuwa ga Baban Hadiza,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Hadiza lafiya lau, ta shiga aji na gaba a lakkwal, makarantarsu ta boko. Inna mahaifiyarka ma da sauƙi, sai ciwon gwiwar nan da ka sani.

Ni ce dai hankalina ba a kwance yake ba, kuma kai ka ja mini.

Kai ka dawo daga ƙasar Japan, inda aka tura ka koyon noman shinkafa, da kwali cike da littattafai. Na ce ina ruwan ungozoma da rubutun da ya yi kama da tonon kaji? Dariya kawai ka yi. Ba a jima ba sai ga ni kullum bayan la'asar a tsakar gidanmu na Banifandou, kana zana mini baƙaƙe da gawayi a kan siminti, ina bi. In na danne hannu sai ka ce, "A hankali, Madam, rubutu ne, ba yankan cibiya ba."

Da aka ba ni gurbin ƙaro ilimin ungozoma a can, ka fi ni murna. Sharaɗi ɗaya suka gindaya: in kawo shaidar cin jarrabawar Japananci ta bana. Ba a yin ta a Yamai, sai Kwatano, ranar Lahadin farko ta Disamba. Ka ce da kanka za ka raka ni: mu hau kar, babbar motar fasinja, zuwa Gaya, mu ƙetare kogi a kwalekwale tun da gada a rufe take, ka jira ni a bakin ƙofa har in fito.

Sai ka tafi a tsakiyar damina, zazzaɓin da muka raina.

Abokinka na Kwatano ya cika alkawari, ya sa sunana cikin masu jarrabawa. Ni kuwa na kama karatu kamar wadda ake kora. Ba kwalli, ba turare, in je likita da safe in karɓi haihuwa, in dawo kafin magariba in buɗe littafi. Baƙaƙen nan har gobe suna rikita ni, ɗigo ɗaya sai ya canza ma'ana. Amma sashen saurare ya fi ba ni wuya, don da muryarka ka naɗa mini hirarrakin a waya. Kai ne mai sayar da tikitin jirgin ƙasa, kai ne kuma tsohuwar da ke tambayar hanya. Da farko ba na iya kai ƙarshen ko ɗaya.

Duk cikinmu babu wanda ya yi lissafi sai wanka Yaya Sani. Ya zo daga unguwar Lazaret ya zauna a bakin tabarma, bai ko sha ruwa ba, ya ce takaba ba za ta fita ba sai bayan jarrabawar da 'yan kwanaki.

Na je wajen malamin unguwa. Ya ce mai takaba tana fita da rana don larura, amma kwana sai a ɗakinta. Wani malamin ya ce in larurar ta yi tsanani akwai sassauci, ni zan auna. To da me zan auna? Ina da aiki, ba mu kwana da yunwa. Na rubuta wa masu gurbin ina neman a ɗaga mini. Suka yi ta'aziyya cikin ladabi, suka ce in babu shaida a bana, wata za a ba.

Abokan aikina suna cewa in tafi, ai da kana nan da kai za ka tura ni. Yaya Sani yana cewa in na taka ƙafa na kunyata zuri'a. Kowa ya san abin da kake so, ni matarka ce kaɗai ban sani ba. Inna kuwa sai dai ta bi ni da ido. Kallon nan nata ya fi faɗan Yaya Sani ciwo.

Na sayi tikiti a ɓoye. Yau Alhamis kar ɗin da zai kai ni a kan lokaci yake tashi. Na fita da jaka kamar mai zuwa aiki, na isa tasha, na shiga layi. Aka fara kiran sunaye. Da aka kira nawa sai na tambayi kaina inda magariba za ta same ni. A Gaya, cikin baƙi, a kan tabarmar tasha, ɗakinka a kulle. Aka sake kira. Na tsaya ina kallo har kar ya tashi.

Ba don Yaya Sani ba ne, kada ma ya yi zato. Kuma ba zan ɓoye maka ba, ina jin haushinka. Ka koya mini son abu, ka bar ni a tsakiya. Na yi kuka a cikin taksi har direba ya rage rediyo.

Gurbin ya tafi, na sani, kuma zai daɗe yana ci mini rai. Jarrabawa za ta dawo baɗi, in da rai zan ƙetare kogin ni kaɗai. Amma kai sau ɗaya zan yi maka takaba, ban iya gutsure ta ba.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya yafe maka kurakuranka. Ni kuma ya sanyaya mini zuciya, ya sa abin da na zaɓa yau shi ne alheri.

Matarka da ke zaune a ɗakinka,
Maman Hadiza