Bidiyon da Ya Ƙi Fita Daga Tabilet

Zuwa ga Kaltumi, sanyin idona, ruwan randar da ake sha da azahar ɗin bazara, cukuna da shayina, malamar asibitin da ta sa ni ciwo ta tahi Takanamat tana yi wa wasu magani. Gaisuwa da ban girma, da kewa mai yawan da motar kasuwa ba ta iya ɗauka.

Saƙonki ya iso. Ashe yayanki Muktari, da kike zaune gidansa a can, ya dubi hotonki da na zana, ya ce ba hannun ɗan Adam ba ne, inji ne ya yi, ni dai na danna kawai na sa sunana? Har ya ce wanda ya fara da ƙarya a kan hoto, kada ya turo magabatansa gidanku? Ke kuma, haskena, sai kinka ce in aiko bidiyon nan da manhajar zane take ɗauka da kanta, wanda ke nuna aikin tun daga layin farko har ƙarshe. Wallahi abin ya sosa ni, Kaltumi. Amma kina da gaskiya, kuma na zauna in fitar da shi.

Kin tuna ranar da na raka ki tashar garinmu, Tawa? Wata akuya da anka ɗaure bisa mota ta miƙo wuya ta kama bakin mayafinki tana tauna, kinka yi dariya har wushiryarki ta bayyana, kinka manta da kunyar da kike yi mini. Wannan dariyar na zana. Wane inji ne ya tsaya a tasha ran nan? Wane inji ya san kumatunki na hagu ya fi na dama lotsawa?

To ga abin da ya faru. Na danna a fitar da bidiyo, layin da ke nuna ci gaban fitarwar ya fara cika a hankali, ya kai rabi, kuran, wato wutar lantarki, ya tahi, caji ya ƙare, tabilet ta mutu. Na yi caji na sake. Wannan karon ya fito, amma guntu: ya tsaya daidai inda kike da ido ɗaya, ba baki, hanci kamar ƙullin goro. In aika wa Muktari wannan? Ai gara in bar garin. Na rage ingancinsa don ya yi sauƙi, sai fuskarki ta fito dame-dame kamar fura, har ni ban gane ki ba. Na kashe tabilet, na kunna, na lallashe ta, na zage ta, na ba ta haƙuri.

Daga ƙarshe na kai wa Hasan mai gyaran salula a kasuwa. Ya duba ya ce wuri ne babu, cikinta ya cika maƙil, sai an share wani abu. Munka bincika mi ya cika ta. Kaltumi, muryarki ce. Duk saƙonnin murya da kinka aiko mini tun da anka kai ki Takanamat, har wanda kinka yi atishawa a tsakiya kinka ce in goge. Hasan ya ɗora yatsa zai share, na fizge abata. Ya ce to a kwashe su a wani katin ajiya na salula. Katin da na ga ire-irensa sun mutu a hannunsa? Ina!

Don haka bidiyo ba zai zo ba, ni zan zo. Ranar kasuwar Takanamat zan shigo motar farko da tabilet da alƙalaminta. Ki gaya wa yaya Muktari ya shimfiɗa tabarma a zaure ya zauna kusa da ni, in buɗe farin shafi a gabansa, in sake zana ki tun daga layin farko. Sai dai ki faɗa mishi sharaɗin aikin: mai zane ba ya zane sai shina kallon wadda yake zanawa. Shi da bai taɓa bari mu wuce gaisuwa ba, zai zauna yini guda shina gadin ina kallonki, kuma shi ya nema. Ni kuwa hannuna ba ya sauri, ki shaida mishi tun yanzu.

Naki, wanda ba zai share ko atishawarki ba har ranar da za a share sunansa daga duniya,

Jibrilla
Tawa