Ɗakin da ke Kallon Ofishin Manaja

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jikin Inna, ƙafar ta yi sauƙi? Yaya maigidan da yara? Mu nan lafiya lau, in ban da idona.

Kin san a kamfaninmu kayan masu gadi muke ɗinkawa, baƙin zare a kan baƙin yadi, a ƙarƙashin ƙwan lantarkin da bai fi aci-balbal haske ba. Kafin a tashi aiki allura ta koma biyu a idona, hawaye na zuba kamar mai yankan albasa. Mun yi ta kai kuka wurin Manaja, kullum amsarsa wai tsufa ne ya kama mu.

To, wannan mutumin ne ya tara mu jiya yana murmushi, wai ya gayyato likitocin ido su duba mu kyauta. Har mun fara tafi, sai ya ƙara da cewa za su zo da mai ba da shawara kan cutar ƙanjamau, duk mai so a gwada shi. Yaya, ruwa ba ya tsami banza. Me ya haɗa ido da jini? Ni dai zargina sunaye yake nema, ya sallami wadda ya ga dama.

Doguwa ce damuwata, wadda keken ɗinkinta ke kusa da nawa. Mijinta ya rasu bara bayan doguwar jinya, ita kuma sai ramewa take yi, abincinta ma juya shi kawai take. Da Manaja yake magana na ga idonsa a kanta.

Ki gaida kowa.
Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, likitocin sun zo. Biri kuwa ya yi kama da mutum. Masu duba ido an ajiye su a tsakar ɗakin ɗinki, ita kuwa mai ba da shawarar an kai ta sito, ɗakin da ƙofarsa ke kallon tagar ofishin Manaja. Ya yaye labule, ya gyara kujera, ya zauna da jarida a hannu, ko shafi ɗaya bai juya ba.

Har rana ta take babu wadda ta doshi siton. A wurin wanke hannu Doguwa ta riƙo hannun rigata, ta ce tun rasuwar mijinta take son ta san matsayinta, amma in ta shiga ita kaɗai ta gama tona wa kanta asiri.

Sai na shiga ni, da niyyar faɗa. Na tarar da wata dattijuwa mai tabarau. Na tambaye ta kai tsaye, nawa Manaja ya saye ta. Ba ta yi fushi ba. Ta ce asibiti ne ya aiko ta, sakamakon kowa kuma daga bakinta sai kunnen mai shi. Ta ce ita ma ɗakin bai yi mata ba, ta nemi a canza an hana. Ban gama yarda da ita ba, domin na ga sakatariyar Manaja ta kai mata shayi. Duk da haka na miƙa yatsana. Kada gabanki ya faɗi, lafiyata ƙalau.

Da na fito na bi kekuna ɗaya bayan ɗaya ina raɗa wa mata cewa tunda kallo Manaja yake so, mu ba shi ya ƙoshi. Muka yi layi a ƙofar siton gaba ɗayanmu, har da Goggo mai goge kaya wadda ke da jikoki, tana ɗaga masa hannu ta taga. Doguwa na tsakiya. Sai ga shi ya saki labule.

Taki,
Auta

Yayata abar ƙaunata,

Ina fata kuna lafiya. Na ji daɗin wasiƙarki, kuma na bi shawararki, ina sa tabaran da likitocin idon suka ba ni, ko da yake yara sun ce na koma kamar mujiya.

Zargina bai faɗi ƙasa ba. Mai shara ta ce da kunnenta ta ji Manaja ya tare dattijuwar nan a bakin mota yana neman ta ɗan haska masa abin da gwajin ya nuna, wai don ya taimaka. Dattijuwar ta ce masa in taimako yake so, ya shiga a gwada shi. Na ɗauki alhakin matar nan, Allah ya yafe mini.

Yanzu Doguwa kan nemi izini lokaci zuwa lokaci, ta ce za ta asibitin ido. Don kada tata ta fita daban, mu ma muka shiga nema bi da bi, idanun namu kuwa ga su jajur, ba ya iya musu. Shekaranjiya ya kira ni ofis, ya yabi ɗinkina, ya ce yana tunanin ba ni shugabancin layinmu. Can sai ya sako tambaya, wai wane asibitin ido Doguwa ke zuwa. Na ce wanda shi da kansa ya kawo mana likitocinsa. Shugabancin dai shiru har yau, ni ma ban sa rai ba.

Abin da dattijuwar ta faɗa wa Doguwa ban tambaya ba, ita ma ba ta ce komai ba. Amma yau da rana ta cinye abincinta tas, ta sa hannu a nawa, har da neman ƙari.

Ki gaida Inna, amma kada ki karanta mata wannan. Kin san bakinta da maƙwabta.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta